Yadda Ake Ciyar Da Mutum Ɗari Da Mudu Biyu Na Adas

Kwana arba'in da ɗaya ke nan babbar tukunyata tana hannun Muhannad ɗan Mawahib. Aron mako ɗaya ya ce, wai sun kafa ƙungiyar taimako a unguwarmu ta Umbadda, za su riƙa dafa wa mutane romon waken adas. Kullum ina can ina gadinta, har na ƙware. Kai mai son kafa taka, bi ni. Burinka zai cika tun wuta ba ta kama ba.

1. Sa buri mai lamba

Kar ka ce za ku kashe yunwa, yunwa ba ta ƙirguwa. Ka ce kwano ɗari kullum. Kwano fa, ba ciki ba. Kwano ba ya kai ƙara.

2. Ari kayan aiki

Nemi tsohuwa irina, ka durƙusa, ka kira ta kaka da harshen garin nan, ka ce, "Haboba, ladan duk naki ne." Ladan ban gan shi ba tukuna. Gindin tukunyata dai ya ƙone.

3. Cike giɓi

Mudu biyu kwano arba'in yake yi. Saura sittin? Garin da Allah ya haɗa masa kogi biyu ake wannan tambayar? Juye jarkar ruwa a tukunya.

4. Iya ƙirga

Hajaratu maƙwabciyata, tun farkon yaƙin nan ba a ji ɗuriyar mijinta ba, ga 'ya'ya huɗu. Sau uku take shiga layi, don romon ba ya riƙe su. Rubuta mutum uku. Amjad mai riƙe littafinsu har da murna: "Haboba, jama'a sun ƙaru!"

Na ce, "Ja'iri, mace ɗaya ce. Ko mayafi ba ta canza ba."

Ya ce shi hannu yake ƙirgawa, ba fuska ba.

5. Duba ci gaba

Ran Juma'a ku zauna, ku sha shayi, ku tafa wa juna, ku ɗaga burin zuwa ɗari da hamsin. Kar wanda ya kalli hannun autar Hajaratu. Awarwaron da ke wuyan hannunta yanzu har gwiwar hannu yake zamewa, kuma ba shi da gurbi a littafi.

Ni na kalla. Jiya na tsayar da raksha mai ƙafa uku a ƙofar su Muhannad, na ce a ɗora mini kayana. Muhannad ya kama kunnen tukunya: "Haboba, don Allah, burinmu!"

Na ce, "Ga buri. Kwano arba'in, wanda cokali zai tsaya a ciki bai faɗi ba. Hajaratu layi ɗaya. Ludayi a hannuna."

Ya saki baki, ya miƙo ludayi. Tukunyar dai har yau bai maido ba, ina ƙirgawa.

Wanda ya bi matakan nan ya ci yabo, nasa ne. In kuma ɗan wani ya kwana da ruwa a ciki, kar a kira sunana. Ni ko lamba ɗaya ban iya rubutawa ba.