Ƙofar da Na Raɗa wa Suna Rifkatu

Ni na rubuta manhajar da 'yan kabu-kabun Zuru ke samun fasinja da ita. A cikinta akwai wata ƙofa da wayoyinsu ke bi su gana da babbar kwamfuta. Ina saurayi na raɗa mata Rifkatu, sunan yarinyar da nake nema. Rifkatu ta auri soja, na auri Saratu, sunan ya zauna.

Wata ranar kasuwa na ga bai dace magidanci ya riƙa kallon sunan nan kullum ba. Na canza shi, har ina yaba wa kaina. Na manta wayoyin 'yan kabu-kabun garuruwan Ribah da Wasagu tsohon sunan kaɗai suka sani.

Kafin azahar shugaban 'yan kabu-kabu ya faɗo shagona, Saratu na zuba mini abinci.

"Injiniya, mutanena na zaune ba fasinja. Me ka taɓa?"

A gabanta na faɗi sunan, a gabanta na mayar da shi.

Ranar Saratu ta gama zuba abincin ta koma gida. Amma har yau, ko ƙusa zan buga a gida, sai ta ce, "Baban Dauda, ka dai nemi izinin Rifkatu tukuna?"