Ban-ɗakin Da Ya Fi Ƙarfin Fitsari

Jiya na sha shayi har ya yi mini karo a gidan maƙwabcina Cyril Duckworth, sannan na hau bas zuwa tsakiyar gari. Duk wanda ya ba saba'in baya ya san abin da ke biyowa. Ban damu ba, don a gindin babban zauren birni akwai ban-ɗakin nan na ƙarƙashin ƙasa da masu masaƙu suka gina mana tun zamanin Sarauniya Biktoriya. Kakana ya rage mara a ciki, ubana ma haka. Attajiran nan sun tatse mu, sun turnuƙe mu da hayaƙi, amma dai sun bar mana wurin biyan buƙata mai farin dutse da famfon tagulla.

Ya daɗe a rufe wai ana gyara. Makon jiya magajin garinmu, Mai Girma Uban Gyare-gyare, da kansa ya yanke ƙyallen buɗe shi, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi.

Na gangara matakala ina matse ƙafafu, sai wani mai jar kwat ya tare ni da fara'a.

"Sannu Baba, kallo aka zo? A bi layi."

"Wane irin kallo? A matse nake!"

"Ai Baba, wurin nan kayan tarihi ne yanzu. Ana gani, ba a taɓawa."

"Ni ma kayan tarihi ne. Matsa mini."

"To ka gani, ku biyun duk sai da lallaɓawa."

Na haɗiye fushi na bi bayan masu ɗaukar hoto, da niyyar in faki ido. Ashe mugunta na gaba. Mai jar kwat ya ce, "Yanzu ku saurari yadda ruwan ke zuba a zamanin da." Ya ja sarƙar sakin ruwa. Shaaa!

Jama'a, ban san ina da sauran gudu ba sai jiya. Na faɗa bayan mutum-mutumin wani mai masaƙa da ke dandali, sai ga tsofaffin unguwarmu a jere, har da Cyril, wanda ya biyo bas ta bayana.

"Kai ma tarihi ya koro ka?" in ji shi. "Bi layi, Kawu. A nan ana taɓawa."

Yau da safe na ji an kafa kwamitin masana don gano abin da ke sa gindin mutum-mutumin danshi. Ranka ya daɗe, a sallame su su huta. Shayin Cyril ne.