Naman Bikin Rifkatu

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar bikin ƙanwata Rifkatu, ranar da na tashi kare addinina na ƙare da neman inda zan sa fuskata.

Mu Kiristoci ne a wani ƙauye kusa da Yako, maƙwabtanmu kuwa kusan duk Musulmi. Tun mahaifinmu na da rai, duk dabbar da za a ci da maƙwabta a gidanmu Malam Sule ne ke yankawa, don kowa ya ci hankali kwance. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa tambayar Mama wa ya yanka. In ta aika kwano, ci kawai ake yi.

Da sassafe Mama ta aike ni in kira Malam ya yanka ragon biki. Na tarar ya tafi gona, na bar sallahu wajen iyalinsa, na ja babur zuwa Kwanar Dangora karɓo ɗinkina. (Telan ya shanya ni awa biyu, wai maɓalli kawai ya rage.) Ko da na dawo gida ya cika, ƙamshin nama ya gauraye ko'ina. Na ce a raina Malam ya zo ya gama, ban tambayi kowa ba.

Ba a jima ba abokan aikina malaman firamare suka iso. Na shimfiɗa musu tabarma a gindin mangwaro, na faɗa madafa na ciko kwano daga tukunyar da na fara gani. A cikinsu akwai Nasiru, abokin musuna, wanda ba a tashi hutun tara a makaranta ba mu tafka gardama ba. Ya leƙa kwanon ya ce, "Yayan amarya, wa ya yanka? Ni fa an ce min ku Kiristoci da kun ga baƙo sai ku ce Musulmi ne ya yanka, ko da ba haka ba ne."

Rabin maganar tsokana ce, amma ni ina cikin sabuwar shadda, kaina ya yi girma. Na miƙe tsaye na fara wa'azi. Na ce addininmu ya hana ƙarya, na ce sharri kawai ake mana, na kawo tarihin gidanmu tun daga kakanni. Da a nan na tsaya da na tsira. Sai na buga ƙirji na ce, "Malam Sule ne ya yanka, a gabana, ni na riƙe masa ƙafafu!"

Nasiru ya yarda. Ya ba ni haƙuri, ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya ɗauki tsoka.

Sai muka ji sallama. Malam Sule ne, ƙafafu duk taɓo, wuƙa naɗe a tsumma. Ya ce, "A yi haƙuri jama'a, yanzu saƙo ya same ni. Ina ragon yake?" Ragon kuwa, kamar jira yake, ya amsa da kansa daga bayan rumbu.

Wallahi gumi har cikin takalmina. Tsokar na hannun Nasiru, idon kowa na kaina.

Mama ta fito, ta kalli kwanon sau ɗaya ta gane. Ta ɗauke shi ta ce, "Ku yi haƙuri 'ya'yana, wannan ba naku ba ne. Akuya ce da kawun amarya, Bitrus, ya yanka wa mutanen coci da suka kwana a hanya. Naku ga shi can a ɗaure, ku ɗan ƙara jira."

Nasiru ya ce, "Mama, ai ya ce shi ya riƙe ƙafafu."

Ta ce, "Wannan? Ko kaza ake yankawa kau da kai yake yi."

Aka fashe da dariya. Na fara in-ina, "Ai na ɗauka…" Mama ta zuba min ido kawai. Dole na sunkuyar da kai na ce, "Ban gani ba. Ƙarya na yi, ku yafe ni." Kunya ta ishe ni, amma tsoro ya fi ta, don saura ƙiris in sa a daina cin abincin gidanmu har abada.

Nasiru ya goge hannu ya ce, "Kwanon Mama ko a ina na gan shi zan ci, ba tambaya. Naka kuwa sai da shaidu biyu." Malam Sule kuma ya ce tunda na riga na ba da labari, in zo in cika shi. Haka na durƙusa da sabuwar shadda na danne rago, idona a rufe gam.

Yanzu in aka jefi addinina da zargi, nakan fara tambayar kaina abin da na gani da idona, in ban sani ba in ce ban sani ba. Ran nan dai na gane ashe addinin ba ya neman lauya irina, Mama ta ishe shi.