Gyaran da Na Yi wa Takardar Hadiza

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na nemo wa Hadiza aiki ba. Ni dai a Magariya an san ni: babu biron gwamnati ko na kamfani da ban san mai gadinsa ba, kuma takardar da ta bi ta hannuna ba ta kwana a ƙasa. Haka nake faɗa a bakin kasuwa, har ni kaina na fara yarda.

Hadiza ɗiyar yayata ce da ke Dungas. Ta gama karatun kwantabilite, wato lissafin kuɗi, a Damagaram da lisansi mai kyau, amma shekara guda cur tana gida tana taya uwarta sussuka. Sai wani kamfanin sayen riɗi da wake a garinmu ya ce yana neman mutum ɗaya ya yi sitaj, wato koyon aiki, wata shida, in ya yi kyau a riƙe shi. Ta haɗa dosiyenta na takardun neman aiki, ta ba mai kabu-kabu ya kawo mini, ni in miƙa. Aikina ke nan: in miƙa.

Sai na buɗe. Takardar tarihin karatunta da aikinta shafi ɗaya tak! Yarinyar da aka sayar da awaki bakwai saboda bokonta (uwarta ta ce huɗu ne, amma ni bakwai na ji a jikina), a ce shafi ɗaya? Na nufi wurin mai buga takardu a gefen tasha, na ce mu faɗaɗa ta. Muka sa ta yi aiki a Kano, ta yi a Maraɗi, ta leƙa Kwatano. Ya tambaye ni shekara nawa za a rubuta na gogewa, na ce goma sha biyu, don goma ta yi kama da ƙarya. Shafi uku muka fitar. Har tausayin sauran masu nema na ji.

Ranar ganawa na sa babbar rigata na raka ta, ban gaya mata komai ba. Na zauna kan benci ina ba mai gadi labarin yadda na raini ƴarmu da lissafi tun tana goye. Ba a yi minti goma ba aka leƙo aka ce ana son ganin wanda ya kawo dosiye.

Shugabar sashen lissafi wata Hajiya ce mai tabarau, ba ta da hayaniya. Ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi shekarun Hadiza. Na ce ashirin da uku. Ta ce to, bisa wannan takarda, yarinyar ta fara riƙe littattafan ƴan kasuwar Kano tana da shekara goma sha ɗaya. Ta ƙara da cewa sanarwarsu ta faɗa ƙarara, sitaj ɗin na wanda bai taɓa aiki ba ne. In takardar gaskiya ce, Hadiza ta wuce wurin. In ƙarya ce, kamfani ba ya ba maƙaryaci mabuɗin asusu.

Gumi ya keto mini har cikin hula. Na buɗe baki in ɗora wa mai bugawa laifi, Hadiza ta riga ni.

"Hajiya, wannan ba takardata ba ce. Kawuna ne, so ya yi masa yawa. Amma laifina ne da na aiko dosiye ban liƙe ba, ban kuma kira na tabbatar ba. In kin ƙi ni saboda haka, kina da gaskiya."

Ta nemi aron bikin rubutu, ta bi layi-layi tana soke Kano, tana soke Maraɗi. Da ta zo Kwatano ta ɗan dube ni, na dubi rufi. Sannan ta zaro ainihin shafinta ɗaya daga jaka ta ajiye. Hajiya ta sallame ni, ta tsare ta da tambayoyi kusan awa guda. Ina jiyo muryar Hadiza ta bayan ƙofa tana amsawa a natse, ni kuwa mai gadi na tambayata ƙarshen labarin goyo.

Tun ranar na gane mai neman aikin lissafi ba ya bukatar kawu mai yalwar baki, shafi ɗaya na gaskiya ya ishe shi. Da aka buɗe ƙofa na miƙe ina shirin godiya mai tsawo, Hajiya ta ɗaga hannu.

"Ta fara ran Litinin. Sharaɗi ɗaya ne, Alhaji: don Allah kada ka sake taimaka mata."