Shukar da Darakta Ya Ladabtar

Mu gode wa Allah da Ya ba unguwarmu mutum irin Darakta. Shekara talatin da biyar ya yi yana gyara 'yan Adam a sashen kula da ma'aikata, kuma har ya yi ritaya ba a taɓa samunsa da kuskure ba, domin shi ne mai rubuta rahoton kurakurai. Mutum ɗari huɗu ne suka bi ta ƙarƙashin jan bironsa. A bayan idonsa Baba Ƙa'ida suke kiransa. Da sunan ya kai kunnensa sai ya ji daɗi, har ya so a buga masa shi a jikin kati.

Ritaya ba ta raba shi da komai ba sai ofis. Ƙarfe bakwai da rabi na safe ya riga ya sa kwat, ya zauna a falo, jan biro a aljihun gaba, yana jiran wanda zai makara. To amma yaransa uku sun girma sun watse. Maiɗakinsa kuwa, wadda yake kira Maman Yara, ta daɗe da koyon cewa "to" ta ci gaba da abin da take yi. Ga mai hukunci a zaune, babu mai laifi. Ni kaina na tausaya masa.

Ana cikin wannan hali sai Auta, ƙaramar 'yarsa, ta zo gaisuwa da wata shuka a 'yar tukunya. Ganyenta faffaɗa ne mai kauri, ga dogon kara ɗauke da fararen furanni.

"Baba, sunanta okid," in ji Auta. "A daji jikin bishiya take maƙalewa. Ba ta son ƙasa, shi ya sa ka ga ɓawon itace a tukunyar, kuma ba ta son ruwa da yawa. Ka ajiye ta inda haske yake, ka ƙyale ta kawai."

Darakta ya sauke tabarau ya dube ta. A duk tsawon aikinsa ya dakatar, ya rage girma, ya sauya wurin aiki, ya sallama. Ƙyalewa kam bai taɓa yi ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba. Auta na fita ya ɗauko sabon fayil ya rubuta sunan shukar a bangonsa.

Laifinta na farko ya bayyana cikin wata guda. Wasu saiwoyi masu launin toka, masu kauri kamar yatsun jariri, suka leƙo daga bakin tukunya suka miƙe cikin iska, kowacce ta nufi inda ta ga dama. Masu kiwon okid sun ce haka halittarta take, da waɗannan saiwoyi take shan danshin iska. Amma masu kiwon okid ba su taɓa riƙe sashe ba.

"Maman Yara, zo ki zama shaida," in ji Darakta, almakashi a hannu. "Wurin aikin saiwa ƙarƙashin ƙasa ne. Duk saiwar da aka gani a waje a lokacin aiki, ta bar bakin aikinta ba izini. A zamanina ko masinja bai isa ya yi wannan yawon ba."

Ya datse su tas. Ya zubar da ɓawon itacen, wanda ya kira sakacin masu sayarwa, ya cika tukunyar da baƙar ƙasa mai nauyi, ya danna ta da babban yatsa har ta yi tauri. Sannan ya tsara mata ruwa sau uku a rana, a kan lokaci, ko tana so ko ba ta so. Maman Yara ta ce "to".

Laifi na biyu ya fi na farko ciwo. Shukar ta fara karkata wajen taga, tana bin haske. Darakta ya san irin wannan hali, ya sha kama ma'aikata suna leƙen titi maimakon aiki. Ya ɗaure karan a jikin rula da zare, ya juya tukunyar ta fuskanci bangon da ya rataya takardun yabonsa, don ta riƙa ganin abin koyi. Bayan mako biyu ta sake waiwayawa taga. Ya sake juya ta, ya ƙara shafi a fayil.

Furannin suka bushe suka zube ɗaya bayan ɗaya, abin da ya rubuta a matsayin yajin aiki. Can kuma sai ga abin mamaki: a tsakiyar karan, can sama, wasu 'yan ganyayyaki biyu suka tsiro, da ƙananan saiwoyinsu suna reto. Wata sabuwar shuka ce cif, a jikin uwarta.

"Ikon Allah," in ji Maman Yara. "Ta haihu."

"A sama?" in ji Darakta. "Ba takardar neman hutun haihuwa, ba sanarwa, ba komai? Wa ya ɗauki wannan aiki? Ba na ajiye wanda sunansa ba ya cikin jerin ma'aikata."

Ƙas, almakashi ya yi aikinsa, jaririyar ta faɗa kwandon shara. Maman Yara ta ɗauki kwandon ta nufi kicin, ɗakin da Darakta bai taɓa shiga ba tun da aka gina gidan, saboda ba ya cikin huruminsa.

Shekara biyu uwar ta yi tana karɓar horo. Ganyenta shida suka koma huɗu, huɗu suka koma biyu, biyun ma suka yi laushi suka yamutse. Darakta ya ce wannan alamar ladabi ce, ta fara sunkuyar da kai. Duk wata idan tsofaffin ma'aikatan ofishinsu suka haɗu shan shayi, sai ya ba su rahoton ci-gaba. A ɗaya daga cikin zaman ne baki ya kwashe shi.

"Hannun da ya miƙar da mutum ɗari huɗu ba zai gaza da ciyawa ɗaya ba," ya ce. "Na ba ta gargaɗin ƙarshe. Zaman wata mai zuwa a gidana za a yi, ku zo ku ga fure."

Mutanen nan duk sun taɓa ɗanɗana jan bironsa. Babu wanda ya ce yana da uzuri.

Ranar zaman da safe Darakta ya zo duba ma'aikaciyarsa. Ya taɓa ganye ɗaya, ya faɗo a hannunsa. Ya taɓa ɗayan, ya biyo ɗan'uwansa. Abin da ya rage a tukunya wani baƙin dunƙule ne mai warin ruɓa. Nan fa tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, domin saura awa biyu mutum goma sha ɗaya su shigo falonsa, kuma kowannensu ya shekara ashirin yana jiran irin wannan rana. Ya zauna a kujera da kwat ɗinsa, bai ko iya buɗe fayil ba.

Maman Yara ta leƙo ta gan shi a haka, tausayinsa ya kama ta. Ta koma kicin ta fito da wani guntun ɓawon itace. A jikinsa wata okid ce a maƙale, a karkace, saiwoyinta sun barbazu ko'ina kamar gashin da bai ga mataji ba. Kuma ga kara biyu, kowanne ya ranƙwafa saboda nauyin furanni. Ta jingina ta a kan tebur, ta ɗauke tukunyar mai wari ta tura bayan labule.

Wani mijin da sai ya tambaya daga ina. Darakta ba ya tambayar abin da ya zo teburinsa daga ƙasa, sa hannu kawai yake yi. Kafin baƙi su gama zama ya riga ya warke sarai.

"Jama'a, ga abin da ƙa'ida take haifarwa," ya ce, yana nuna furannin da jan biro. "Ruwa a kan lokaci, sa ido dare da rana, hukunci ba sani ba sabo. Wannan ba aikin kowa ba ne. Maman Yara ga ta nan, shekara arba'in muna tare, ko albasa ba ta iya rayawa ba. Abin a jini yake."

Maman Yara tana zuba shayi. Ta ajiye butar a hankali.

A cikin baƙin akwai tsohon mai buga takardun ofis, wanda Darakta ya sallama shekaru da yawa da suka wuce saboda ya yi dariya a lokacin aiki. Yanzu yana da maɗaba'arsa, ya yi tumbi, motarsa ce ta tare ƙofar gidan. Ya matso ya ƙare wa shukar kallo.

"Yallaɓai, sai dai na ga saiwoyinta duk a waje, ga ta kuma a karkace. Ko an sassauta doka ne?" Bai jira amsa ba ya juya. "Hajiya, ke da kike gidan, mene ne sirrin?"

"Ni ina na san wani sirri, ko albasa ban iya ba," in ji Maman Yara. "Wannan ai 'yar da Darakta ya kora ce. A kwandon shara na tsince ta, na ɗaure ta a tagar kicin inda tururi yake. Sai na yi abin da Auta ta ce, na ƙyale ta. Wadda ya horar tana bayan labule, in kuna son gaisawa."

Babu wanda ya tashi. Warin ya riga ya gaishe su.

Mai maɗaba'a ya shafa tumbinsa, ya dubi furannin da fara'a irin ta wanda ya haɗu da ɗan'uwa.

"Ai tun da na gan ta na ce wannan tamu ce," ya ce. "Duk wanda Yallaɓai ya sallama, haka yake komawa."

Darakta ya buɗe murfin jan biro, ya duba falon ko zai ga wanda har yanzu yake ƙarƙashinsa, ya mayar da murfin. Maman Yara kuwa ta ɗauki furenta ta koma kicin, inda ita ma ta shekara arba'in tana samun lafiya.