Mahaucin da Ya Nemi a Yi Shari'a da Dambe

Kai jama'a, rediyo na da amfani, amma ba a kunnen kowa ba! Ran Talata na raka wani abokina kotun garinmu, na tarar ana shari'ar Tanimu mahauci da maƙwabciyarsa Kande mai daddawa, a kan wata jar akuya mai ciki. Kande ta ce tata ce, kuma ita kaɗai gare ta duk duniya, garken Tanimu ta tsallaka ya ƙi sakinta. Shi ko gogan ya rantse a kasuwa ya saye ta. Shaida babu ko ɗaya, don duk unguwar tsoronsa ake ji. Tsohon ɗan dambe ne, ƙato, wuya kamar turmi. Kande kuwa 'yar firit, iska mai ƙarfi ma sai ta yi gaba da ita. Wallahi ta ba ni tausayi, sai sharar hawaye take yi.

Can sai Tanimu ya miƙe yana wani bubbuɗa hannuwa, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a daina wahala. Na ji a rediyo, wai Turawan zamanin da, in shari'a ta rasa shaida sai a fitar da masu ƙara fili su gwabza. Wanda ya yi kaye shi ke da gaskiya, tunda Allah ba ya barin mai gaskiya ya sha ƙasa. Mu ma a yi mana haka, kowa ya huta."

Kotu ta ɗauki salati. Ji rashin kunya, da tsohuwa zai dambata!

Alƙali dattijo ne mai sanyin magana. Ya cire tabarau, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "An yi haka, Tanimu, ba ka yi ƙarya ba. Sai dai ka kashe rediyon da wuri. A wasu garuruwansu, in namiji ne da mace, rami ake haƙawa a zura namijin har ƙugu, a ɗaure masa hannu ɗaya ta baya. Ita kuma a ƙulle mata dutse a bakin mayafi, tana zagaya shi tana maka masa. In ya kuskura ya fito daga ramin, ya faɗi shari'a. To, a kawo diga?"

Nan take gumi ya karyo wa Tanimu. Ya koma ya zauna a hankali, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai mu ba Turawa ba ne. A ba ta akuyarta kawai, na haƙura."

Alƙali ya juya wajen Kande. "To Kande, kin ji da kunnenki, akuya taki ce. Kina da sauran magana?"

Kande ta tashi tsaye, hawaye sun bushe ƙaf, ta gyara ɗaurin zani, ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ya riƙe akuyar, na bar masa. A dai haƙa ramin."