Yadda Ake Jiran Ganga Har Gona Ta Tafi

Kai mai son a kira ka gwarzon noma amma bayanka ba ya son sunkuyo, matso kusa. Hanyar nan gwadaddiya ce. Haladu na Kurya Madaro ya bi ta damina guda tak, sunansa ya kai har Zurmi. Kai ma na lamunce maka.

1. Samu gonar da ba taka ba

Ta aro ta fi daɗi. Haladu kawunsa Maitama ne ya ba shi wata jigawa, da sharaɗi: "Ɗana, in ciyawa ta ci gonar ga bana, ƙanenka Hamisu zan ba." Kai dai ka ce "In sha Allahu, Kawu" da ƙarfi. Ka gama rabin aiki.

2. Raina masu fita kullum

Shi Hamisun nan, da an sallame asuba sai ya saɓa hauya, ko da zazzaɓi, ya nome 'yan kunyoyi a ɗan fegin da yake da shi, ya dawo ba wanda ya sani. Haba! Wannan ai aikin jaki ne. Namiji sai jininsa ya motsa. An ce sannu ba ta hana zuwa, to wace sannu ce ta kai zama a gindin ɗorawa?

3. Nuna kanka ranar gayya

Ranar gayyar gonar maigari, Jaji makaɗi ya rataya gangar noma ya shiga zuga Haladu: "Na Saliha, giwa mai karya ƙota!" Wayyo! Tsikar jikin Haladu ta tashi, ya yi kururuwa, ya wuce samari yana watsa ƙasa, mata na rangaɗa guɗa. Nan ya gane shi mutum ne da sai da kiɗa. Gonar maigari ta yi fes. Shi kuwa ya kwanta jinya, matarsa Saliha na gasa masa baya da ruwan zafi, tasa gonar ciyawar harkiya ta kai gwiwa.

4. Yi shiri, ka ƙara shiri

Tafi kasuwar Shinkafi ka sayo sabuwar hauya da warki da laya. Kada ka yi garajen ɓata su da ƙasa. Saliha ta ce, "Maigida, geron nan fa ya fara ja." Ya ce, "Ke mi kinka sani? Wuni guda ya ishe ni, Jaji kawai nika jira." Haddace amsar nan, za ka bukace ta har ƙarshen damina.

5. In ganga ba ta zo ba, bi ta

Haladu ya yi aike har ya gaji, kullum Jaji sai ya ce gobe. Ran nan ya taka da kansa. Ya iske shi sunkuye cikin gonarsa, gero ya kai masa kafaɗa, gumi na zuba, ba ganga ba maroƙi.

"Jaji! To kai wa ka yi maka kiɗi?"

Jaji ko ɗagowa bai yi ba. "Ni? Ba kowa. Kullum na tashi nan nika zuwa. Abokina, ganga ta ranar gayya ce, ban taɓa ganin ta tuge ciyawa ba."

Kunya ta kama Haladu, ya rasa inda zai sa idonsa. Kai kada ka bari maganar ta shige ka. Me makaɗi ya sani game da noma?

6. Karɓi sakamako

Kawu Maitama ya zo a keke, Hamisu na biye, ya jingine keken, ya shiga gonar yana buɗa ciyawa da sanda yana neman gero. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Hamisu, gobe ka shigo nan." Hamisu ya ce, "To, Kawu."

Haladu ya yi kuka, kuka na gaske, don a gonar nan uwarsa ta goye shi. Yanzu dako yake yi a tashar jirgin Kaura, buhu bayan buhu tun sassafe, ba mai yi masa ko tafi.

Sanarwa

In ka bi matakan nan gonarka ta tafi, babu ruwana, ba ni na riƙe maka hannu ba. Kuma kada ka zo ƙofar gidana da ƙorafi da safe. Ba za ka same ni ba, ina gona.